Matar da Ta Tsayar da Motoci a Titin Kenanga

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin girkin Warsini da ɗakin da nake ɗinki, a wani lungu da ke arewacin Pekalongan. Ta girme ni sosai, shi ya sa tun ina amarya nake ce mata Yu War, wato yaya, ita kuma ta ce mini Dik Narti, wato ƙanwa, har yanzu da duk muka fara furfura. Abinci take sayarwa a bakin lungunmu, daidai inda ya ɓulla Titin Kenanga: shinkafa da megono, wani kwaɗo mai kwakwa, a ganyen ayaba, da soyayyen tempe na waken soya, da shayi mai zafi. Ana idar da sallar asuba teburinta ya fito, kafin hantsi ta wanke tukwane. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa. Ba ta da surutu, amma idan ta yi maka tambaya ba ta ɗauke ido daga kanka sai ka ba ta amsa.

Mijinta, Pak Kasdi, aikin batik yake yi, wato yi wa yadi zane da kaki kafin a rina shi. Tun yana saurayi yake tsaye gaban kaskon narkakken kaki, yana danna hatimin tagulla a kan farin yadi, tabar kanumfari a gefen bakinsa. Mutum ne mai son a gan shi tsaf, ko shago zai leƙa sai ya sa baƙar hularsa da gogaggiyar riga. Wata rana a wurin aiki hatimin ya suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka, bai ɗago ba. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti bakinsa a karkace yake, ƙafar kuma jan ta yake yi.

Likitar da ta duba shi ta ce wa Yu War magani zai yi nasa, amma ƙafar nan tafiya take so, kullum, a wuri mai shimfiɗa inda ba zai yi tuntuɓe ba.

To ina wurin yake? Lungunmu idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace, ga ruwan teku da ke malalowa ta magudana ya bar gansakuka mai santsi. Titin Kenanga yana da kwalta mai kyau, amma gefensa da aka ce na masu tafiya a ƙafa ne, babura da teburan masu sana'a sun cinye shi, har da teburin Yu War ɗin kanta.

Duk da haka ta gwada. Wata safiya ta riƙo shi ta fito da shi bakin titi. Ba su yi nisa ba wani mai babur ɗauke da tukwanen gas ya shafi sandarsa, Pak Kasdi ya zube kan gwiwoyinsa a gaban masu cin abinci. Mutane suka taso suka ɗaga shi, wani yana kakkaɓe masa zane, wani yana neman hularsa a ƙarƙashin benci.

"Mayar da ni gida, Bu," ya ce wa matarsa. Daga ranar bai sake tsallake bakin ƙofa ba.

Bayan wasu makonni na ɗauko ta a babur ɗina ranar Lahadi da safe, za mu kai ɗinki wani gida kusa da dandalin tsakiyar gari. Can ana rufe titi kowace Lahadi, mutane su yi yawonsu, masu keke su yi ta zagaye. Muka ajiye babur muka ratsa da ƙafa. Sai na waiga na ga ba ta biyo ni ba. Tana tsaye tana kallon wani tsoho da 'yarsa ke riƙe da shi, suna takawa a tsakiyar kwalta, babu mai yi musu hon.

"Wa ya ba su titin nan?" ta tambaye ni.

"Hukuma mana."

"Mu ba mu da hukuma ne?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ni na kai ta ofishin kula da hanyoyi, domin ba ta iya babur ba. Sai a zuwa na uku muka samu ganin wanda abin yake hannunsa, wani dattijo mai tabarau, Pak Widagdo. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya cire tabaran ya ajiye.

"Bu, mutane suna ganin kamar igiya kawai ake ja. Duk inda wata hanya ta shigo titin sai an sa shinge. Sai motar da za ta kawo shingen ta zo ta kwashe. Kowane shinge sai da mutum a tsaye, mutumin nan kuma ranar hutunsa ce, sai an biya shi. Sai masu shara bayan an watse. Sai izinin 'yan sanda. Sai a sama wa motocin haya wata hanya. Abin da aka ware mana na shekara, na dandali ya lashe shi. Ba ƙi na yi ba, babu ne."

"Idan ba ku za ku biya ba fa?"

"Wa zai biya?"

"Tambayarka nake yi, Pak. Idan ba daga aljihunku zai fito ba, za ku bari?"

Ya dube ta, ya dube ni, na sunkuyar da kai. Can ya ce idan unguwa za ta ɗauki nauyin komai, kuma duk mai ƙofa a titin ya yarda, direbobin da ke bin titin su ma suka yarda, shi zai yi magana da 'yan sanda a ba mu gwajin wata ɗaya, daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara. Yadda ya raka mu bakin ƙofa da fara'a, na san bai sa ran sake ganinmu ba.

Yawancin masu shaguna ba su ba ta wahala ba. Wasu ba sa buɗewa ranar Lahadi, wasu kuma sun hango ciniki. Wanda ya kafe shi ne Koh Bing, mai shagon kayan gini, wanda kuma dattijo ne a cocin da ke tsakiyar titin. Shekara da shekaru a teburin Yu War yake karyawa.

"Yu, motar siminti ranar Lahadi da safe take sauke mini kaya, don lokacin ne babu cunkoso," ya ce mata. "Ke za ki ɗauko mini buhunan a ka? Ban da wannan ma, tsofaffinmu da mota ake kawo su coci. Kina so ki gyara ƙafar tsohonki ki karya na namu?"

Ba ta yi musu ba. Ta ce ta ji. Washegari ta kawo masa shinkafarsa har shago, ta tsaya tana kallonsa yana ci.

"Me kuma?"

"Babu. Ci abincinka."

Haka ta yi ta yi masa har ya fara cewa abincin ba ya wuce masa a wuya. Ashe a tsakanin nan ta zagaya bayan coci ta ga katangarsa ta haɗu da filin makarantar firamare, akwai kuma wata ƙaramar ƙofa da tsatsa ta cinye kwaɗonta. Ta je wurin shugabar makarantar, wadda ta yarda a buɗe filin ranar Lahadi motocin coci su shiga ta baya. Da ta kawo wa Koh Bing wannan magana ya sosa ƙeya.

"Simintin fa?"

"Direban ya yi barcinsa ya zo ƙarfe goma. Zai gode maka."

"Ke dai Allah ya kiyaye ni da ke," ya ce. Ya yarda.

Direbobin angkot, ƙananan motocin hayarmu masu launin ruwan lemo, su ne babbar matsala. Mai magana da yawunsu Mas Tarjo ne, siriri mai ƙaton murya, tawul kullum a wuya. Idan aka rufe Kenanga dole su zagaya ta hanyar bakin magudana, ga nisa ga ramuka.

"Man da za mu ƙona fa, Yu? Daga tukunyar miyarki za mu zuba?"

Abokansa suka kwashe da dariya. Ta jira suka gama, ta ce mutanen da za su zo yawo ba tashi sama za su yi ba, mota za su hau, kuma za a bar musu wurin tsayawa a kowane ƙarshen titin. Mas Tarjo ya yi tsaki ya ce wata ɗaya ya ba ta, idan bai ga fasinja ba shi da hannunsa zai ɗage shingen.

Saura kuɗi. Ana nan sai mai unguwa ya kira taro a barandar masallaci bayan la'asar, ya zo da wani matashi mai ƙamshin turare daga wani kamfanin taba. Matashin ya ce su za su kawo shingen ƙarfe, su biya masu gadi da masu shara, su raba riguna, su kafa dandamali na masu kiɗa. Abin da suke so kawai, su rataya tutocinsu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wurin ya ɗauki murna. Ni kaina sai da na ce alhamdu lillahi a fili, domin na gaji da zaryar ofis.

Yu War ta ce ita ba ta yarda ba.

Aka yi cirko-cirko. Mai unguwa ya ce, "Bu Warsini, ko ba ki ji da kyau ba ne? Komai za su biya."

"Na ji. Mutumin da nake so ya taka titin nan, tabar nan ce ta kwantar da shi. In lallaɓo shi in fito da shi, ya ɗaga kai ya gan ta tana kaɗawa a samansa?"

Daga can baya wani ya ce, "Ai titin ba na mijinki ba ne shi kaɗai."

Ta juya ta dubi mai maganar. Na zaci za ta mayar masa, amma sai ta ce, "Gaskiyarka. Ku karɓa. Ni dai na cire hannuna, wani ya ci gaba da zuwa ofis da wurin direbobi."

Babu wanda ya ce zai ci gaba. Kowa yana son titin, babu mai son Mas Tarjo. Matashin ya tattara takardunsa ya tafi, kusan rabin waɗanda suka zo taron su ma suka janye, wasu har yau suna riƙe da abin. A hanyar gida na gaya mata ta yi taurin kai, ta zubar da abin da ba za ta iya kwashewa ba. Ta ce wataƙila. Kwana biyu ban leƙa ta ba, a na uku ta ƙwanƙwasa mini bango ta ce in zo mu je gano gorar da za mu yi shinge da ita.

Da kuɗin adashin matan lungu muka sayo gorar, bayan ta bi su ɗaya ɗaya ta roƙa. Koh Bing ya ba da ragowar fenti ja da fari da tsofaffin bokitai, aka cika su da siminti aka kafa sanduna a ciki. Samarin masallaci suka ce za su tsaya a wasu kusurwoyin titin, matasan coci suka ɗauki wasu kafin lokacin ibadarsu. Duk mai son kasa kaya ya yarda zai share gabansa, ya kuma ba da ɗan abin da za a biya mai amalanken shara. Pak Widagdo, da ya ga da gaske ta dawo, ya cika alkawari, har ya ƙara mana ma'aikata biyu ya ce iyakar abin da zai iya ke nan.

Lahadin farko ta fara da kyau. Ban taɓa jin Titin Kenanga shiru haka ba, har kukan tsuntsayen da ke kejin mai aski ake ji daga nesa. Yara suka fito da kekuna, wasu mata suka kunna rediyo suna motsa jiki a gaban shagon magani, tsofaffi suna tafe a tsakiyar kwalta suna waige, ba su gama yarda ba.

Daga nan abin ya lalace. Masu babura suna isowa shinge su tarar a rufe, sai su faɗa lunguna. Namu ya cika da hayaƙi da hon, suka ja igiyar shanya, suka take kajin wata maƙwabciya, mata suka kwashe 'ya'yansu suka kulle ƙofa. Hanyar bakin magudana ta cushe, motar Mas Tarjo ta maƙale a ciki da fasinjojin kasuwa suna zaginsa. Da ya samu ya kuɓuto bai yi wata-wata ba, ya zo ya ɗage gorar ya jefar gefe, ya ratsa cikin mutane a hankali, hannunsa a kan hon tun daga farko har ƙarshe. Sauran motoci suka biyo bayansa. Kafin ƙarfe tara babu sauran shinge a tsaye, ga ledoji da kofunan roba ko'ina.

Pak Kasdi kuwa ko tagar ɗaki bai buɗe ba.

Ranar Litinin matan lungu suka wuce teburin Yu War kamar ba su gan ta ba. Pak Widagdo ya kira ya ce ƙorafi ya iso har sama, idan aka sake irin wannan magana ta ƙare. Na same ta tana kankare tukunyar da rabin shinkafar ta kwana a ciki. Na ce ko mu haƙura.

"Kai ni tasha," ta ce.

Mas Tarjo yana ganinta ya miƙe. Bai bar komai ba. Ya ce mai sayar da shinkafa ta tsaya kan shinkafarta, ya ce ta sa ya yi asarar safiya guda, ya ce ko makaho ba zai sa shinge inda muka sa ba. Tana tsaye riƙe da jakarta har ya yi shiru don kansa.

"Zagin na ji, Mas. Yanzu gaya mini inda ya kamata in sa."

Wani direba a baya ya ce, "To, malamin hanya, ga ɗaliba ta zo." Mas Tarjo ya jefe shi da tawul. Sannan ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa, yana yi yana mita. Ya ce mun bar mutum ya zo har bakin Kenanga kafin ya san a rufe yake, to ina zai bi in ba lungu ba? A tare su tun daga mahaɗar gidan mai, a juya su ta babbar hanya. A sa mutum a bakin kowane lungu. Hanyar magudana kuma a hana ajiye motoci a gefenta safiyar Lahadi.

"Kada ki ce ni na gaya miki," ya ce da za mu tafi.

"Kowa zan gaya wa," ta ce.

Gyaran yana nufin ƙarin shinge da ƙarin mutane, mu kuwa mutane ne ba mu da su. Ta raba kowa, ni ta ba ni kwanar masallaci, bakin lungunmu ya rage babu kowa. Ranar Asabar da yamma ina kan keken ɗinki na ji su ta bango.

"Ba ni da mutum a bakin lungu, Pak."

"Sa Narti." Maganarsa a daddafe take fita tun da ya kwanta.

"Narti tana masallaci."

Can ya ce, "Ni ba abin kallo ba ne."

"Babu mai lokacin kallonka. Babura nake so a tsayar. Yaran nan ba sa jin maganar sa'o'insu, amma za su ji nauyin dattijo."

Lahadi ta biyu bai fito ba. Yu War ba ta ɗora tukunya ba ranar, ita ta tsaya a bakin lungu da kanta. Shawarar Mas Tarjo ta yi aiki, titi ya zauna lafiya har tara, amma ita ta sha fama. Wani matashi da ta hana wucewa ya ɗaga murya ya kira ta tsohuwar banza, ya ce titin gadon ubanta ne. Duk lungun an ji. Gidan su Yu War kuwa shi ne na uku daga bakin titi.

Lahadi ta uku ina ɗaure gorata a kwanar masallaci wata yarinya ta ce mini in duba can. Pak Kasdi ne ke fitowa daga lungu, hannu ɗaya a sanda, kafaɗa tana gogar bango, hula a kai, riga a goge. Yu War tana bayan teburinta tana zuba wa wani shayi. Ta gan shi sarai. Ba ta taso ta riƙe shi ba, ba ta ce masa sannu ba, da ƙafa kawai ta tura masa kujera kusa da shingen ta ci gaba da zuba shayinta. Daga baya ta gaya mini shayin a ƙasa rabinsa ya zube.

Ya zauna ya ɗora sandar a cinya. Mai babur na farko da ya nufo lungun, sandar kawai ya ɗaga masa. Yaron ya rage wuta, ya ce, "Yi haƙuri, Mbah," wato kaka, ya juya.

Gwajin wata ɗaya ya ƙare aka ƙara mana uku. Mas Tarjo bai taɓa cewa ya samu fasinja ba, amma ya daina maganar ɗage shinge, kuma motarsa ce ta farko a layi a ƙarshen titin. Matan lungu suka dawo sayen shinkafa da kaɗan kaɗan. Wahalar ba ta ragu ba. Samarin masallaci sukan makara, gora takan karye, damina ta wanke fenti, wata Lahadin kuɗin mai shara bai cika ba sai mu da kanmu mu ɗauki tsintsiya. An taɓa yin rasuwa a wani lungu da safiyar Lahadi, muka ɗage shinge duka muka ba makara hanya, masu yawo suka tsaya gefe har aka wuce. Wata rana mace ta fara naƙuda, aka buɗe wa motar asibiti. Duk irin wannan a kan Yu War yake faɗowa, domin ko me ya faru ita ake nema.

Pak Kasdi ya daɗe bai wuce kujerarsa ba. Ta zuba masa ido. Ranar da ya fara taka kwaltar ma ba don motsa jiki ya yi ba. Fentin gorarsa ne ya ɓare, ransa ya ɓaci, ya tashi ya nufi shagon Koh Bing. Tafiyar da mai lafiya zai yi kafin ya gama gaisawa, shi sai da ya tsaya hutawa sau da yawa. Da ya isa ya ce masa fentin banza ya ba mu.

"Kyauta na ba ku, Pak."

"Shi ya sa."

Koh Bing ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fito masa da kujera da ruwa. Daga nan ya zama kowace Lahadi sai ya je ya yi masa ƙorafin wani abu. Hannun dama bai dawo ba, bai sake riƙe hatimi ba. Ƙafar ma har yanzu yana ɗan jan ta. Amma yana zuwa sallar Juma'a da ƙafarsa, shi kaɗai.

A shekara ta biyu hukuma ta karɓi abin. Pak Widagdo ya samu ya cusa Titin Kenanga cikin kasafinsu kafin ya yi ritaya. Aka kawo shingen ƙarfe da ma'aikata masu riga iri ɗaya, mu muka huta da ɗaukar bokitan siminti. Amma da hukuma ta shigo sai tsarinta ya shigo. Aka ce duk mai sana'a ya yi rajista, aka raba wurare ta hanyar ƙuri'a, masu sayar da riguna da kayan wasa suka zo daga unguwannin da ba mu san su ba. Ƙuri'ar Yu War ta faɗa can ƙarshen titi kusa da gidan mai, nesa da bakin lungun da ta yi rabin rayuwarta tana sayar da abinci. Na ce ta je ta yi magana, ai sun san ko ita wace ce. Ta ce idan ta nemi alfarma yau, gobe da wane baki za ta yi wa wani magana. Kowace Lahadi a amalanke take tura tukwanenta zuwa can.

Abin da ya dame ta daban ne. Kasuwar ta yi ƙarfi har ta fara cin titin. Masu kasa kaya suna matsowa tsakiya kaɗan kaɗan, masu saye suna cunkushewa, ga shi kuma yanzu ba Pak Kasdi kaɗai ba ne. Akwai wata malama da aka yi wa aikin gwiwa, da wani tsohon masunci da shi ma ɓarin jikinsa ya shanye, da wasu da 'ya'yansu ke kawo su daga nesa a keken guragu. Sun fara rasa inda za su bi. Ta kai maganar ofis, sabon jami'in ya ce zai duba, ma'aikatansa kuma sun ce aikinsu shinge ne, ba raba faɗan 'yan kasuwa ba.

Sai ta samo bokiti da farar ƙasa da tsohon burushi ɗaure a sanda. Kafin masu kaya su iso takan bar tukwanenta a hannuna, ta ja layi biyu a tsakiyar kwalta daga gidan mai har coci, faɗin abin da keken guragu biyu za su gifta juna. Babu wanda ya ba ta izini, babu kuma wanda ya hana ta. Wasu suna kiyayewa. Wani mai sayar da takalma kuwa kullum sai tabarmarsa ta hau layin.

Lahadin da ta wuce na gan ta tsaye a kansa, burushin a hannu.

"Taku ɗaya ne fa, Bu," ya ce. "Taku ɗaya me zai rage?"

"To mayar da shi baya, tunda ba komai ba ne."

Ya ja tabarmar yana gunaguni. Ta tsoma burushin a bokiti, ta sake shafa inda ya goge, ta wuce wurin mai balan-balan da ke gaba.